Hayaƙin Bukkar Tuckwell

Mervyn Tuckwell ya isa gindin dutsen ranar Juma'a da hantsi, ya ajiye a-kori-kurarsa a filin motoci, ya tarar babu kowa. Ya ce wa kansa haka ya fi. Amma sai da ya daɗe yana gyara igiyar jakarsa, wadda babu abin da ya same ta, kunnensa na kan hanya ko zai ji ƙarar wata mota. Bai ji ba. Ya saɓa jaka, ya ɗauki sandar kamun kifi, ya kama hawa.

Bukkar da yake nufa kakansa ne ya gina ta, zamanin da ake hawa da shanu kiwo kan dutsen. Daga baya gwamnatin jiha ta mayar da wurin gandun shaƙatawa, ta hana shanu, ta kafa alluna, bukkar ta zama ta duk wanda ƙafarsa ta kai shi. Ba a sa mata kwaɗo. Doka ɗaya ce kowa ya sani game da ita, kamar sauran bukkokin tsaunukan: ba ka fita sai ka bar busasshen itace a gefen murhu, domin wanda zai shigo bayanka yana iya zuwa a jiƙe, hannunsa ba ya ko iya riƙe gatari.

Gidan Tuckwell suna da tasu dokar ta biyu. Daga filin motoci, in ka ɗaga kai, kana hango bututun hayaƙin bukkar ta tsakanin wasu duwatsu. Mahaifin su Mervyn ya koya musu cewa wanda ya riga hawa shi ke kunna wuta. Na ƙasa in ya ga hayaƙi, an ce masa ya hawo ke nan, shayi na kan wuta. In kuma motar mutum tana ƙasa amma babu hayaƙi, na sama ba ya son ganin kowa. Tsohon yakan hau in sun sami saɓani da uwarsu, sai a turo Mervyn, wato Merv, da ƙanensa Noel su leƙo. Wannan duk tun suna yara ne. Da suka girma mota ɗaya suke zuwa kowace shekara in sanyi ya fara shigowa, saboda haka maganar hayaƙi ta kwanta.

Bara ba su zo ba, domin ba sa magana.

Abin da ya raba su ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Lokacin babbar gobarar daji, Noel ya bi shawarar 'yan kwana-kwana, ya kwashi matarsa Glenys da karnukansu ya bar gida tun da safe. Merv ya tsaya da tiyo da tankin ruwa, gidansa ya tsira. Na Noel ya ƙone ƙurmus. Bayan wuta ta wuce aka taru a zauren gari ana rabon barguna, sai Merv ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, da akwai namiji a gidan da bai ƙone ba. Noel ya ajiye bargon da aka ba shi, ya fita.

Magana ce ta rashin imani, kuma Merv ya san haka tun kafin ya rufe baki. Amma yana cikin mutanen nan da suke ganin ba da haƙuri kamar cire riga ne a kasuwa. Matarsa Coral, wadda da za ta tasa shi gaba har ƙofar ƙanen, ta rasu tun kafin gobarar. Kamfanin yankan katako da ya yi wa aiki duk rayuwarsa an rufe shi. Saura shi da gidan da ya tsirar, yana kwana a ciki shi kaɗai yana jin ƙarar firij.

A farkon makon ne ya haɗu da Glenys a kanti. Bai gaishe ta ba. Ya tsaya kusa da ita yana duban gwangwanayen wake, ya ce, "Ƙarshen makon nan zan hau bukka."

"Da ni kake, ko da waken?" in ji Glenys.

"Na dai faɗa."

Iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan, kuma a ransa gani yake ya yi ƙoƙari.

Ya isa bukkar rana ta take, gwiwarsa ta hagu tana zogi. Ya tura ƙofar langa-langa, ya tsaya idonsa ya saba da duhu. Sai ya ga murhun.

An haɗa wuta, ba a kunna ba. An murje ɓawon itacen turare an dunƙule shi kamar sheƙar tsuntsu, an jera ƙirare a kai, an ɗora manyan faskare. A gefe ga wani tarin itace har ƙugu, kowane faskare ɓawonsa na kallon sama, ga damin ƙirare an ɗaure da shuɗiyar igiyar ɗaurin ciyawa, ga ashana a cikin kwalba an rufe. Merv ya ɗauki faskare ɗaya ya juya shi. Saran gatarin ta hagu ya shiga. Bahago ɗaya ne a duk yankin yake ɗaure ƙirare da shuɗiyar igiya.

Ya shinshina itacen. Sabon sara ne, bai kwana da yawa ba.

"To, Gajere," ya faɗa a fili. Haka ake kiran Noel tun yana yaro, don ya fi kowa tsawo a gari. "Ka ji zan zo, shi ne ka riga ni ka gudu. Halinka ne ai."

Haka ya fassara abin. An gaya wa Noel ranar, ya zo kafin ranar don kada su haɗu, ya bar itace kamar yadda zai bar wa kowane baƙo. Merv ya mayar da faskaren inda yake. Ya rantse a ransa ba zai ji ɗumi da itacen mutumin da ya guje shi ba. Da zai iya fita ya saro nasa, amma sai ya rushe haɗin Noel kafin ya sami wurin kunnawa, kuma bai son ya taɓa shi ko da yatsa. Ya fito da ɗan murhunsa na gas, ya dafa shayi, ya ɗumama wake, ya ci a tsaye.

Sanyin dutsen ba ya wasa. Merv ya kwana da takalmi da hula, ga busasshen itace kusa da kansa yana jin ƙamshinsa. Dattijo mai furfura, yana karkarwa don ya ɓata wa wanda ba ya wurin rai. Babu wanda ya gani, balle ya yaba masa.

Da safe ya gangara rafi. Akwai wani gurbi ƙarƙashin faɗaɗɗen icce inda Noel yake tsayawa kullum, ya jefa ƙugiya da hagu yana surutu har kifi su gudu. Merv ya wuce gurbin ya tsaya a nasa. Ya kama kifi ɗaya mai kyau, ya buɗe baki zai yi kira, ya tuna, ya rufe. Ya cire ƙugiyar ya sake shi. Kifin ya fi cin mutum ɗaya.

Wajen tsakar rana gajimare ya fara taruwa a bayan dutsen. Ya koma bukka, ya zauna a bakin ƙofa. Ta tsakanin duwatsun nan ana iya leƙa filin motoci in mutum ya taka ɗan tudun da ke bayan tankin ruwa. Bai taka ba. Ya riga ya yanke cewa babu mai zuwa, kuma bai son ya kama kansa yana leƙe.

Ruwa ya sauko da yamma, mai sanyi kamar allura. Yana tsaka da zuba sai ya ji muryoyi, ƙofa ta buɗe, wasu mata biyu suka faɗo ciki da manyan jakunkuna, ruwa na ɗiga daga gashinsu. Ɗaya doguwa mai faɗin murya, ɗaya 'yar siririya tana karkarwa har haƙoranta na haɗuwa.

"Sannu, Baba! Ni ce Despina, wannan Thuy. Daga birnin Melbourne muke, asibiti muke aiki. Wai mun zo hutawa ne, ka ga hutun." Ta hango murhu. "Kai! Wuta a haɗe! Thuy, mun tsira."

"Kada ki taɓa," in ji Merv.

Despina ta tsaya da kwalbar ashana a hannu. "Taka ce?"

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

Wutar bukka ba ta kowa ba ce, ta wanda ya shigo a jiƙe ce, kuma Merv ya fi kowa sanin haka. Ya dubi yarinyar da ke karkarwa, leɓenta ya fara canza launi. Ya kau da kai. "Kunna. Amma ku sani, abin da kuka ƙona sai kun mayar kafin ku tafi."

"Mun ji, ranka ya daɗe." Ta ƙyasta ashana ɗaya, sheƙar ɓawon ta kama nan take. "Wanda ya haɗa wannan ya iya. Ni da a ce namiji ne marar aure, da na neme shi."

Thuy ta matso da hannuwanta kusa da wuta. Da bakinta ya saki, ta dubi Merv ta yi dariya. "Kai ne mai tsamin ran, ko?"

"Me kika ce?"

"Yi haƙuri, ba ni na faɗa ba. Wani tsoho ne a ƙasa, dogo kamar falwaya, yana zaune a farar a-kori-kura kusa da wata ja. Ya ce mu hau, akwai wuta a haɗe, akwai kuma wani mai tsamin rai, kada mu kula shi, ba ya cizo."

Jar motar ta Merv ce. Ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Yaushe?"

"Da za mu fara hawa," in ji Despina. "Yana ta ɗaga kai yana kallon sama kamar mai jiran jirgi. Na ce, Baba, ba za ka zo mu hau tare ba? Ya ce a'a, shi hayaƙi yake jira. Na ce wane irin hayaƙi? Ya ce jiya ma ya zo ya zauna har yamma bai gani ba. Wai in babu hayaƙi, ba a son baƙi. Na ce masa ai gandun gwamnati ne, ba gidan uban wani ba. Ya yi dariya ya ce, 'Yarinya, ba ki san komai ba.' Kun san juna ne?"

Merv ya riga ya fita. Ya shiga ruwan ba hula, ya karyo rassan turare masu ɗanyen ganye, ya rungumo su ya zuba a kan wutar. Hayaƙi ya turnuƙe bukkar, matan suka hau tari.

"Haba, Baba! Kashe mu za ka yi?"

Ya sake fita, ya haye tudun bayan tanki. Hayaƙin yana fita daga bututu, fari, mai kauri. Amma gajimare ya riga ya sauko ya zauna a kan dutsen, hayaƙin yana shiga cikinsa ya ɓace. Ko bishiyar da ke gabansa da ƙyar yake gani, balle filin motoci. Da jiya ne, da sararin sama yake tas, da ashana ɗaya ta isa.

Ya koma ciki ya ɗauki makullin mota. Idonsa ya faɗa kan tarin itacen, wanda ya fara raguwa. Tun da yake bai taɓa barin bukkar nan bai mayar da itace ba. Ko ranar da Coral ta karye a ƙafa, sai da ya bar ta a bakin ƙofa tana zaginsa ya sara abin da zai bari. Ya tsaya da makulli a hannu, gatari na jingine a bango. Sannan ya juya wa gatarin baya.

"Jakarka fa?" Despina ta ƙwala masa kira. Bai waiwayo ba.

Gangara cikin ruwa da mugunyar gwiwa ba abin gaggawa ba ne. Ya zame ya faɗi da mazaunai, ya tashi, ya sake zamewa. Da ya fito filin motoci akwai tasa, akwai ƙaramar motar matan. Kusa da tasa akwai wani wuri mai kusurwa huɗu inda farar motar ta tsaya, tsakuwarsa ba ta gama jiƙewa ba. Ruwa yana cinye shi yana kallo.

Ya shiga mota. A mararrabar da ke bayan gada, hagu gidansa ne, dama sabuwar unguwar da aka gina wa waɗanda gobara ta kora. Bai taɓa bin dama ba. Ya tsaya har wata motar katako ta yi masa ham, sannan ya karya kan mota dama.

Gidan ƙarami ne, babu bishiya ko ɗaya a gabansa. Farar a-kori-kurar tana ƙofa. Glenys ce ta zo bakin ƙofar raga, ta dube shi daga sama har ƙasa, taɓo har ƙugu.

"Yau waken ya biyo ni gida," ta ce. Ta juya. "Gajere! Ka yi baƙo."

Noel ya fito da tawul a wuya. Ya rame, kafaɗunsa sun ranƙwafa. Bai buɗe ƙofar ba, suka tsaya raga na tsakaninsu.

"Na kunna," in ji Merv. "Gajimare ne ya rufe."

"Yau ka kunna. Jiya fa?"

"Na zaci ka zo ka tafi ne don kada mu haɗu."

"Na hau dutsen nan da gatari, na yini ina sara, don kada mu haɗu." Noel ya goge fuska da tawul. "Kai dai tun muna yara ƙwaƙwalwarka a gwiwa take. To da me ka ji ɗumi?"

"Ban ji ba."

"Ka kwana a sanyi, ga itace?"

Daga ciki Glenys ta ce, "Jinin Tuckwell ke nan. Jakuna biyu, uwa ɗaya uba ɗaya."

A nan ne ya kamata ya faɗi maganar. Tana bakinsa, gajeriya ce, yaro ma ya iya ta: abin da na faɗa a zauren gari ƙarya ne, ka yi daidai da ka fitar da matarka. Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kifi na nan a gurbinka."

Noel ya dube shi. Ya san abin da aka hana shi, kuma bai yi kamar bai sani ba. Sai ya ce, "Ka bar itace?"

"A'a."

"Ka fito daga bukkar Kaka ba ka bar itace ba."

"Sauri nake."

Wani abu ya motsa a fuskar Noel, ya danne shi. "Da Baba na da rai da ya fasa maka baya. Koma ka mayar. Ni ba na shiga bukkar da aka bari babu itace."

"In na mayar fa?"

"Ka san yadda ake yi. In na ga dama na leƙo." Ya ja ƙofar katako ya rufe, ba da ƙarfi ba. Ba a ce wa Merv ya shigo ya bushe ba, kuma bai cancanci a ce ba.

Merv bai bi ta gidansa ba. Ya koma gindin dutse, ya kwana a mota, gari na wayewa ya kama hawa. Ruwa ya ɗauke, kowane reshe yana ɗiga. A hanya ya haɗu da matan suna saukowa.

"Ga ɗan gudun hijira!" in ji Despina. "Mun bar maka itace, Baba, kada ka kai mu ƙara."

Abin da suka bari tarin jiƙaƙƙun ƙirare ne da ba za su dafa ko ƙwai ba, an ɗaure su da igiyar takalmi, an kwaikwayi ɗaurin Noel. Amma sun rage faskare kaɗan daga busassun. Merv ya durƙusa, ya murje ɓawo, ya dunƙule. Nasa bai taɓa yin kyau kamar na ƙanen ba, sai a ashana ta uku ya kama. Da wutar ta tashi ya ɗora ɗanyen ganye, ya fita ya duba. Sararin sama wankakke ne, babu iska. Hayaƙin ya miƙe sak, duk mai ido a kwarin zai gan shi.

Ya ɗauki gatari. Ya nemo wani faɗaɗɗen icce da cikinsa bai jiƙe ba, ya yi ta sara, yana kwasowa, yana jerawa ɓawo na kallon sama. In ya kawo runguma ɗaya sai ya ƙara ganye a wuta, ya taka tudun bayan tanki ya leƙa. Motar matan ta tafi. Tasa kaɗai ce, ja, ƙarama kamar ƙwaro.

Da tarin ya kai ƙugu ya dafa shayi a gwangwani, ya zuba kofi biyu, ya sa wa ɗaya sukari mai yawa yadda Noel yake sha. Ya zauna a bakin ƙofa yana fuskantar inda hanya ke ɓullowa daga cikin bishiyoyi. Ya yi ta maimaita gajeriyar maganar nan a hankali, don in an zo kada zancen kifi ya sake riga ta fita.

Shayin ya huce. Ya zubar, ya ƙara ganye a wuta, ya sake ɗora ruwa.